Paul Passy (1859–1940): malamin da ya rubuta abin da kunne ke ji

Wanda ya tashi a Gaya ba ya buƙatar dogon bayani kan rikicin furuci. Ɗan kasuwar da ya ƙetaro gadar Malanville da safe, ya nufi Kamba da yamma, zai ce duwan a nan, ya ce kwastan a can, ba tare da ya taɓa ganin yadda ake rubuta ko ɗaya ba. Da kunne ya karɓe su, shi ya sa l'école ta zama lakwal, aka haɗiye har da ƴar kalmar da ke gabanta. Wanda ya fara haɗuwa da kalma a takarda ne ke shan wuya: mai jin Ingilishi ya ga beaucoup sai ya furta p ɗin ƙarshe, ya ga rendez-vous sai ya nemi z da s da Bafaranshe ba ya faɗa. Wannan giɓi tsakanin rubutu da furuci shi ne aikin rayuwar Paul Passy.

An haife shi a Versailles, kusa da Paris, a 1859. Mahaifinsa, Frédéric Passy, na ɗaya daga cikin mutum biyu da suka fara samun kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1901. Ɗan ya gaji ƙyamar yaƙi, don haka maimakon aikin soja ya ɗauki alkawarin koyarwa na shekara goma. A aji ne ya ga yara Faransawa na karanta Ingilishi da dokokin rubutun Faransanci, suna fitar da abin da Baturen Ingila ba zai gane ba.

A 1886 ya haɗa ƴan tsirarun malaman harsuna suka kafa ƙungiya a Paris, wadda daga 1897 ta zama Ƙungiyar Ilimin Furuci ta Duniya. Otto Jespersen na Denmak ya ba da shawarar a yi jerin alamomi guda ga dukan harsuna, aka fitar da na farko a 1888. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: duk sautin da zai iya sauya ma'anar kalma, a ba shi alamarsa. Faransanci na bambanta rue, wato titi, da roue, wato ƙafar mota, da wasalin da Ingilishi ba shi da shi, kamar yadda Hausa ke raba kada da kaɗa. Alamomin ɓ da ɗ da muke rubutu da su suna cikin wannan jeri a yau.

Littafinsa Les sons du français ya fito a 1887, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1907. A 1897 shi da Hermann Michaelis suka wallafa ƙamus da ya sa furuci a gaba, rubutun yau da kullum a baya. A ganina nan ya ɗan wuce gona da iri, domin ɗalibin da ya tsinci kalma a littafi bai taɓa jin ta ba, ta ina zai fara nema? Almajirinsa Daniel Jones, wanda ya yi karatu a wurinsa a 1905 zuwa 1906 kuma ya auri ƴar danginsa, ya juya tsarin a ƙamusinsa na furucin Ingilishi na 1917.

Passy ya koyar a École pratique des hautes études daga 1894 har ya yi ritaya a 1926. Kirista ne mai ra'ayin gurguzu, har ya kafa ƙauyen noman haɗin gwiwa mai suna Liéfra. Ya rasu a 1940. Mujallar ƙungiyarsa, Le Maître Phonétique, ta ci gaba da fitowa cikin alamomin furuci har 1970.