SARKIN KATSINA MUHAMMADU DIKKO DA AUDUGAR KUDANCIN KATSINA

Marigayi Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, Allah ya ji ƙansa, Basulluɓe ne, ɗan Durɓin Katsina Giɗaɗo. An haife shi cikin 1865, ya kuwa riƙe sarautar Durɓi kafin zuwan Turawa. Da suka ci ƙasar cikin 1903, ba su daɗe ba suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi cikin 1906. A nan sarauta ta bar gidan Dallazawa ta faɗa wa Dikko. Mutane da yawa ba su so haka ba a lokacin, don suna ganin naɗin Bature ne, ba gado ba. Amma ya yi shekara talatin da takwas bisa gadon mulki, har maganar ta kwanta.

Galibin masu ba da labarinsa sukan tsaya ne kan hajjin da ya yi cikin 1921, inda ya biya ta Ingila ya gana da Sarki George na Biyar, ko kuwa kan son da yake yi wa dawaki da wasan folo. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne yadda kudancin ƙasarsa, watau Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Faskari, ya juye a zamaninsa ya zama rumbun auduga.

Ba wai Turawa ne suka kawo auduga ba. Tun kaka da kakanni ana nomanta a nan, mata su gurje ta, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa, marina su rina, fatake su ɗauka zuwa Kano. Abin da ya sake shi ne mai saye. Masaƙun Ingila suna neman wata kafa ban da Amurka, saboda haka cikin 1902 aka kafa kamfanin nan na B.C.G.A. a Mancesta. Audugar gargajiya gajeren sili gare ta, injunansu ba su sonta, sai aka kawo wani iri na Amurka mai suna Allen wajen 1912.

To, iri ba ya shuka kansa. A farkon mulkin Dikko ne aka kafa Baitulmali a Katsina, aka tura hakimai su zauna cikin gundumominsu maimakon birni, aka kuma mai da haraji na tsabar kuɗi. Ta hannun waɗannan hakimai da dagatai, irin su Galadima a Malumfashi da Sarkin Maska a Funtuwa, ake raba wa manoma angurya kyauta kowace damina, ta hannunsu kuma ake kiran jama'a kasuwar auduga da kaka. Ba don En'e mai ƙarfi ba, da kamfanin bai sami abin gurza ba.

Aikin da ya fi muhimmanci kuwa shi ne wanda ba a gani. Iri in an bar shi yakan gauraye ya lalace cikin 'yan shekaru. Saboda haka aka buɗe gonar iri a Daudawa, inda ake riɓanya wanda masana suka zaɓa a Samaru. Kowace shekara a tace, a ware mai kyau, a ba manoman da ke kusa, abin da suka noma a gurje shi daban, sa'an nan a watsa anguryarsa zuwa nesa. Da haka, sannu a hankali, aka sami ire-iren da suka ɗauki sunan Samaru. A kasuwa ma malamin auduga yakan duba ya ba da lamba, mai tsabta kuɗinta daban, mai datti daban. Da aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda cikin 1929, sai Funtuwa, wadda a da ƙauye ce, ta zama gari mai tasha da injin gurza da kantunan Turawa. Taiki da mangalar jaki suka fara ba da wuri ga buhun algarara da ake kawowa daga Indiya, wanda in ya gama ɗaukar kaya sai a zuba masa dawa ko gero, a yi ta ɗinke shi shekara da shekaru, ba kamar ledar yau ba.

Sai dai gaskiya ita ce manomi bai faye cin ribar ba. Sau da yawa dillalan masaƙan gida sun fi kamfani ba da kuɗi, shi ya sa auduga mai yawa takan zille ta nufi Kano a bayan jakuna. Da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930, farashi ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba. Sarki ne talakawa suke gani, shi ke karɓa, alhali ba shi ke yanke farashi ba. Wannan nauyi yana cikin abin da dole a lissafa masa, kamar yadda ake lissafa masa hanyoyi da makarantu.

Ya rasu cikin 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Bai ga an saƙa audugar ƙasarsa da inji a Arewa ba. Wanda ya tsaya aka yi haka shi ne Sardauna Ahmadu Bello, ɗaya daga cikin yaran da suka yi karatu a Kwalejin Katsina da aka buɗe a zamanin Dikko cikin 1922. Masaƙar Kaduna ta fara aiki cikin 1957, Funtuwa ta sami tata wajen ƙarshen shekarun 1970. Ta Kaduna an rufe ta cikin 2002, manoman Malumfashi da Bakori kuwa da yawa sun mai da gonakin audugarsu na masara da waken suya.