Barahmagupta, Malamin Dukiya da Bashi

A yammacin ƙasar Indiya akwai wani tsohon gari da a ke kira Bhinmal. A nan wani shahararren malami ya zauna, sunansa Barahmagupta. An haife shi a shekara ta 598. Allah ya ba shi kaifin hankali, ya kuwa duƙufa ga ilmin taurari da lissafi. Yana da shekara 30 kacal, watau a 628, ya gama wani babban littafi cikin harshen Sanskirit. A waƙe ya tsara shi, bisa al'adar malaman ƙasarsu, domin almajirai su ji sauƙin haddacewa.

A cikin littafin nan ya warware wata matsala mai wuya. Kowane yaro ya san 3 sau 4 sha biyu ne. To, ina labarin lambar da ke ƙasa da sifiri? Tun kafin zamaninsa Sinawa sun iya tarawa da ɗebewa da irin waɗannan lambobi, amma littafinsa shi ne mafi tsufa da muka sani wanda ya jera dokokinsu daki-daki, har da na sau da na sifiri.

Dabararsa ita ce, lambar da ke bisa sifiri ya kira ta dukiya, ta ƙasa kuwa ya kira ta bashi. Mu a yau mu kan sa wa dukiya alamar +, bashi kuma alamar −. Ya nuna dukiya sau dukiya dukiya ce, bashi sau dukiya bashi ne, amma bashi sau bashi, dukiya ya kan haifa.

Wannan doka ta ƙarshe ita ta kan rikita mutane, sai mu gwada ta. A ce ka ci bashin gero mudu 3 har sau 4. Ana bin ka mudu 12 ke nan: −3 × 4 = −12. In kuwa mai geron ya yafe maka mudu 3 har sau 4, ai ɗebe maka bashi ya yi, kamar ya ba ka kyautar mudu 12 ne: −3 × −4 = +12. Ka ga, in alamu biyu suka zo iri ɗaya amsa dukiya ce, in sun bambanta bashi ne.

Ɗan Adam tara ya ke, bai cika goma ba. Barahmagupta ya rubuta cewa sifiri a raba da sifiri, sifiri ne, masana kuwa daga baya suka gane ba a yin rabawa da sifiri. Amma dokokinsa na sau ba su tashi ba. Bai daina aiki ba har ya tsufa, gama a 665 ya rubuta wani littafin a kan taurari.

A zamanin Halifa Mansur, kimanin shekara 100 bayan rasuwarsa, aka juya aikinsa zuwa Larabci a Bagadaza. Duk da haka, fiye da shekara 900 bayan littafinsa na fari, waɗansu malaman Turai suna ta kiran lambobin bashi lambobin banza. A ƙarshe kowa ya sallama.

Saboda haka, ran da malam ya rubuta −3 × −4 a allo, kada gabanka ya faɗi. Tuna da mai geron da ya yafe bashi, sa'an nan ka ba da amsa.