Sam Snead, Tsohon Da Ya Ƙi Ajiye Sanda

Na san da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamaki, su ce me ya haɗa ɗan birnin Zariya da wasan golf. To, ga dalili. Kakana, wanda ya haifi mahaifina, ya yi aikin ɗaukar jakar 'yan wasa a filin golf na Zariya tun yana yaro. Da asuba yakan fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni a ƙasa, ya wuni yana bin Turawa da jakar sanduna a kafaɗa don a ba shi sisi ko sule. Daga baya ya bar wannan ya kama sana'ar gidanmu, wato ɗinkin babbar riga da hannu. Daga bakinsa na fara jin yadda ake wasan. Saboda haka ran da na tsinci wani tsohon littafin wasanni a laburaren makarantarmu, sai na zauna na karance tarihin wani Ba'amurke mai suna Sam Snead. Shi ne nake so in ba ku labarinsa.

Kafin nan bari in ɗan bayyana wasan. Fili ne mai faɗi da ramuka 18. Ɗan wasa yakan bugi wata 'yar ƙwallo fara da sanda, ya bi ta ya sake bugu, har ta faɗa rami. Wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Bugun farko na nesa ne, yana son ƙarfi. Na ƙarshe kuwa, na kusa da rami, ba ya son komai sai natsuwar hannu.

An haifi Sam Snead ran 27 ga watan Mayu, 1912, a wani ƙauye mai suna Ashwood, cikin duwatsun Jihar Bajiniya ta Amurka. Iyayensa ba masu hali ba ne. Yana ɗan shekara bakwai ya fara ɗaukar jaka a filin wani babban otal da ke kusa da su, kamar dai yadda kakana ya yi. Da yake ba shi da kuɗin sayen sanda, sai ya saro reshen itace ya sassaƙa abarsa, yana ta bugu ba ko takalmi. Ba wani malami da ya zaunar da shi ya koya masa, ido kawai ya sa yana kallon manya. Amma da ya girma, masana wasan suka yarda cewa da wuya a sami wanda ya kai shi kyawun bugu.

A 1934 ya mai da golf sana'arsa. Daga nan sai nasara ta yi ta bin nasara. Ya ci gasa 82 a jerin gasannin ƙwararru na Amurka, kuma ba wanda ya kamo shi sai Tiger Woods a 2019. Cikin manyan gasanni huɗu na duniya ya ɗauki kofi bakwai: Masters sau uku, a 1949 da 1952 da 1954, gasar PGA sau uku, a 1942 da 1949 da 1951, sai ta Birtaniya sau ɗaya, a 1946.

Amma duk wanda Allah ya ba, akwai abin da ya hana shi. Gasar US Open ta ƙi shi har ya mutu. A 1939, a kusa da birnin Filadelfiya, ya iso rami na ƙarshe yana bukatar bugu biyar kawai ya ɗauki kofi. Shi kuwa ya zaci huɗu yake bukata, sai ya yi gaggawa, ƙwallo ta faɗa cikin yashi, bai gama ba sai da bugu takwas. Bayan wannan kuma, sau huɗu a rayuwarsa yana zuwa na biyu a gasar. Wani da ya zuciya ya bar wasan. Shi bai bari ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi burge ni. A Amurka akwai gasa ta musamman don ƙwararrun da suka kai shekara 50, ana kiranta Senior PGA Championship, wato gasar dattawa. An fara ta a 1937 a filin Augusta da ke Jihar Jojiya, kuma wani mutumin Sikotilan mai suna Jock Hutchison ya ci ta farko. Snead ya ci wannan gasa a 1964, ya sake ci a 1965.

Ana nan sai wata cuta da 'yan golf ke tsoro ta tsananta masa. In ya zo bugun kusa da rami, sai hannunsa ya fizge ba da sonsa ba, ƙwallo ta kauce. Mutumin da ke aika ƙwallo nesa ba wahala, ga shi taku biyu ya gagare shi. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sai ya ƙirƙiro dabara: ya fuskanci ramin sosai, ya buɗe ƙafafu ƙwallo na tsakaninsu, ya sunkuya ya tura ta gaba. Da wannan dabara ya ci gasar dattawa ta 1967. Shugabannin wasan ba su ji daɗin ganin haka ba, suka haramta irin wannan tsayuwa daga 1968.

Kun ga an toshe masa hanya ke nan. Sai ya sake wata. Ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya, ya tsaya a gefen ƙwallo yana fuskantar rami, hannu ɗaya a saman sanda, ɗaya can ƙasa. Mutane suka yi ta dariya, don tsayuwar ba ta da kyan gani. Da ita ya ci gasar a 1970 da 1972 da 1973. A wannan ta ƙarshe yana da shekara 60, kuma ya ba na biyu ratar bugu 15. Sau shida ke nan, kuma har yau ba wanda ya ci ta sau shida sai shi. A 1979, yana da shekara 67, ya shiga gasa da samari sa'o'in jikokinsa, ya zagaye ramuka 18 da bugu 67, bayan kwana biyu ya yi da 66. Ya mutu ran 23 ga watan Mayu, 2002, saura kwana huɗu ya cika shekara 90.

Abin da ya sa labarin nan ya tsaya mini a rai shi ne, bara hannun kakana ya fara rawa. Mutumin da aska takwas ɗinsa ta yi suna a unguwarmu, yanzu sa zare a allura ya zama masa aiki. Ya naɗe kayansa ya tura ƙarƙashin gado, yana wuni a zaure shiru. Mu kuma jikokinsa duk mun tafi boko, ba wanda ya karɓi sana'ar. Na sani ɗinki ba golf ba ne, kuma ba ni da maganin rawar hannu. Amma idonsa na nan garau, da ya ɗaga riga zai gaya maka inda maɗinki ya yi ha'inci. Tsohon doki sai mai sani.

Saboda haka na ƙudura, in Allah ya kai mu hutu, zan ba shi labarin ɗan'uwansa mai ɗaukar jaka wanda ya canza tsayuwa har sau biyu. Sa'an nan in jawo kayan nan daga ƙarƙashin gado, in zauna gabansa, ni in riƙe allura, shi ya nuna mini inda zan soka. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk mai tsoho a gida da ya iya wata sana'a, ya yi haka kafin lokaci ya ƙure. Allah ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, amin.