Jean Rouch: Injiniyan Gada da Ya Koma Bin Dorina da Kyamara

Masu karatun injiniya a cikinmu za su fi kowa jin daɗin wannan tarihi, domin mutumin nasu ne. Takardar shaidar da Jean Rouch ya riƙe ta gina hanyoyi da gadoji ce. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi a aji ya koya masa ɗaukar hoto, amma ya bar finafinai fiye da 100, da yawansu kuma a bakin kogin Neja ya ɗauke su, wato Kwaran nan da ta ratsa Yawuri.

An haife shi a birnin Paris ranar 31 ga Mayu, 1917. Mahaifinsa, Jules Rouch, hafsan sojan ruwa ne kuma masanin yanayi, yana cikin ayarin da ya je binciken ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya tsakanin 1908 da 1910. Ka ga ke nan yawo gado ya yi. Yana tsakiyar karatu a makarantar hanyoyi da gadoji ta Paris yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aka sa shi aikin fasa gadoji a 1940 don a tare sojojin Jamus. Mai koyon ginin gada, aikinsa na farko rushe ta!

A 1941 ya iso Yamai a matsayin injiniyan gwamnatin mulkin mallaka. Kada mu yi wa wannan zamani kwalliya: hanyoyin da yake kula da su da aikin tilas ake gina su, an kwaso talakawa daga ƙauyukansu da ƙarfin hukuma. A nan ya haɗu da wani saurayi ɗan masunta, Damouré Zika, wanda ya zame masa aboki na fiye da shekara 60. A 1942 tsawa ta faɗa wa leburorinsa ta kashe mutum 10. Damouré ya kawo kakarsa Kalia, ita ta jagoranci irin borin da Zabarmawa ke yi idan haka ta faru. Rouch ya tsaya ya kalla, ya rubuta abin da ya gani, daga ranar hankalinsa ya fara barin tsakuwa da siminti. Gwamnan Nijar na lokacin bai yarda da take-takensa ba, ya kore shi zuwa Dakar, inda masanin nan Théodore Monod ya ba shi mafaka a cibiyarsa ta bincike.

Da yaƙi ya ƙare, shi da abokan karatunsa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka ƙudura bin kogin Neja tun daga mafarinsa a ƙasar Gini har inda ya faɗa teku, tafiyar kilomita kusan 4,200. Sun tashi a 1946, suka kai a 1947, bayan wata 9. Kuɗin guzuri daga labarai da hotunan da suke aika wa jaridun Faransa suke samu. Kwalekwalensu ya bi ta Gaya, ya wuce Yawuri, ya ratsa duwatsun Busa inda Mungo Park ya halaka a 1806, wurin da yanzu tafkin Kainji ya shanye. Tafiyar ce ta haɗa shi da Sarkawa, har ya buga maƙala a kansu a mujallar Africa a 1950. Ɗan Kabi ba ya buƙatar a gaya masa su wane ne Sarkawa.

Kyamarar da ya tafi da ita kwance ce, ƙirar Bell & Howell, a kasuwar gwanjon Paris ya saye ta. Sai an murɗa ta kamar agogon da, kuma ba ta wuce daƙiƙa 25 ko ƙasa da haka sai ta tsaya. Tun tafiyar ba ta yi nisa ba ƙafafun da ake ɗora ta a kai suka salwanta a ruwa. A wancan zamani ƙwararru na ganin ɗaukar fim da kyamara a hannu aikin 'yan koyo ne. Shi kuwa ba shi da zaɓi, sai ya rungume ta ya shiga cikin mutane, inda suka nufa ya nufa. Abin da ya fara a kan dole shi ya zama salonsa, daga baya matasan masu fim na Faransa suka kwaikwaya.

A Ayoru ya ɗauki farautar dorina da masunta ke yi da zago. Wani kamfanin labarai a Paris ya sayi hotunan, ya yanka su yadda ya ga dama, ya ɗauko bikin da ake yi kafin farauta ya mayar da shi ƙarshe, ya sa mai sharhin wasanni ya yi ta zuzuta abin kamar ana tseren keke, aka raɗa masa suna mai nuna ƙasar baƙaƙen matsafa. Rouch ya ji kunyar wannan fim har tsufansa. Ya koma Ayoru a 1951 ya sake ɗaukar farautar da kansa, a launi. A wannan karon an ga wahalar aikin: makonni ana bin wani tsohon toron dorina, ya sha zaguna, ya farfasa jirgi, ya tsere.

To, a 1954 ne ya yi abin da a ganina ya fi duk lambobin yabonsa. Ya ɗauko majigi da janareto ya kai fim ɗin Ayoru, aka kafa farin zane da daddare, masuntan suka ga kansu. Da mamaki ya lafa sai gyara ya biyo baya. Sun ƙi amincewa da kiɗan da ya sa a bayan hoton, domin a wurinsu shiru ake farautar dorina, kiɗa kuwa ƙara mata ƙarfin zuciya yake. Bature mai digirin digirgir ya karɓi gyaran masunta, ya kusan daina sa kiɗa a irin waɗannan finafinai. A wajen kallon nan ne kuma wani maharbi, Tahirou Koro, ya gayyace shi ya zo ya ga yadda ake farautar zaki da kwari da baka. Wannan aiki ya ci shi kimanin shekara 7 a dajin iyakar Nijar da Mali da Barkina Faso, ya kuma ci kyauta a birnin Venice a 1965.

Nan fa ya kamata mu 'yan waya mu ɗan tsaya. Kullum muna ɗaukar manoman albasa a Aliero, da 'yan dako a kasuwar Jega, da 'yan dambe da kokawa bayan girbi, mu watsa a Facebook da TikTok. Mu nawa ne ke neman izini kafin mu danna? Mu nawa ke juya wayar mu nuna wa tsohon da muka ɗauka, mu ji ko ya yarda da yadda ya fito?

Rouch bai tsira daga suka ba, kuma sukar tana da tushe. Fim ɗinsa kan 'yan borin Hauka, 'yan ci-ranin Nijar a birnin Accra, ya tada ƙura da aka nuna shi a Paris a 1955. Ɗaliban Afirka suka ce ya zubar musu da mutunci, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, Ingila ta hana nuna shi a ƙasashen da take mulka. Ousmane Sembène na Senegal ya zarge shi da irinsa da kallon 'yan Afirka kamar masu nazarin ƙwari. Har yau ba a gama wannan muhawara ba.

Sai dai ko masu sukarsa sun yarda ya buɗe wa wasu ƙofa. A Abijan ya tsinci Oumarou Ganda, ɗan Nijar, tsohon soja da ke dako a tashar jiragen ruwa, ya sa shi ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Ganda ya koma gida ya zama mai shirya fim, kuma shi ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972.

Ranar 18 ga Fabrairu, 2004, yana da shekara 86, ya zo Nijar don wani bikin finafinai, motarsu ta yi haɗari da daddare kusa da Birnin Ƙonni, tsallaken Illela kaɗan. Matarsa da Damouré Zika da mai fim Moustapha Alassane suna cikin motar, suka tsira, shi ya rasu. A Yamai aka binne shi, aka kuma sa wa cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta birnin sunansa. Damouré, wanda ya daɗe yana aikin jinya a unguwar Lamorde, ya bi shi a 2009.