Salmanul Farisi: Baƙon da ya san abin da ya fito nema

A takardarmu ta wannan Juma'a za mu waiwayi rayuwar Salmanul Farisi, Allah Ya ƙara masa yarda, don mu ga inda wadar zuci take fitowa.

Salmanu ɗan gata ne. An haife shi a wani ƙauye kusa da Isfahan a ƙasar Farisa, wato Iran ta yanzu. Mahaifinsa ne mai garin, ga gonaki ga dukiya. Wuta suke bauta wa, Salmanu ne ma mai kula da ita kada ta mutu. Bai rasa ci ba, bai rasa sutura ba, amma ransa bai kwanta ba. Da ya ga ibadar Kiristoci ta burge shi, sai uban ya ɗaure shi a gida. Ya kwance, ya bi ayari zuwa Sham.

Malamin cocin da ya fara zama wurinsa yakan sa mutane su kawo sadaka, shi kuma ya ɓoye. Bayan mutuwarsa Salmanu ya nuna wa jama'a tuluna 7 cike da zinariya da azurfa. Daga nan ya zauna da malamai na kirki a Sham, da Mausil, da Nasibin, da Ammuriya. Na ƙarshensu ya ba shi labarin Annabin da zai bayyana a ƙasa mai dabino. Sai ya ba wasu fatake shanunsa da tumakinsa don su kai shi. Suka ci amanarsa, suka sayar da shi, har ya ƙare bawa a hannun wani Bayahude a Madina.

A nan Allah Ya haɗa shi da Manzon Allah (SAW). Ya ga alamomin da aka faɗa masa: ba ya cin sadaka, yana karɓar kyauta, ga kuma hatimin annabci tsakanin kafaɗunsa. Ya musulunta. An yanka masa fansar dashen dabino 300 da uƙiya 40 ta zinariya, Sahabbai suka tara masa dashen, Annabi (SAW) ya dasa da hannunsa mai albarka. A shekara ta 5 bayan hijira, shi ya kawo shawarar haƙa gwalalo don kare Madina.

To, ga inda muke so 'yan kasuwa su kasa kunne. A zamanin Sayyidina Umar an naɗa shi gwamnan Mada'in, tsohon birnin sarakunan Farisa. An ruwaito cewa rabonsa daga baitulmali dirhami 5,000 ne, amma yakan rabar da shi, ya ci daga saƙar kaba. Zai sayi kaba ta dirhami 1, ya saƙa, ya sayar a kan 3. Ɗaya ya koma jari, ɗaya cefanen gida, ɗaya sadaka. Wata rana wani baƙo ya ɗauka ɗan dako ne, ya ɗora masa kaya. Da mutane suka sanar da shi ai gwamna ne, ya so ya karɓi kayansa, Salmanu ya ƙi sai da ya kai masa har masauki.

Kada a ɗauka wadar zuci ƙuntata wa kai ce. Shi ne fa ya tarar da ɗan uwansa Abu Darda ya rungumi azumi da tsayuwar dare ya manta da gida, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi.

Da ajali ya matso, Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya same shi yana kuka. Ba tsoron mutuwa ba ne. Yana tsoron ko ya tara abin da ya wuce guzurin matafiyi, wanda shi ne iyakar da Annabi (SAW) ya yi musu wasiyya da ita. Da aka ƙiyasta abin da ya bari, bai wuce 'yan dirhamai ba. Ya rasu a Mada'in, kusa da Bagadaza, wajen shekara ta 35 bayan hijira.

Jama'a, yawancinmu nema ne ya raba mu da gida ya kawo mu nan Kudu, kuma neman halak ibada ne. Sai dai Salmanu bai taɓa gajiya da neman gaskiya ba, a wajen dukiya kuwa ya san iyakarsa. Mu sau da yawa akasin haka muke yi: ɗan karatun da muka taso da shi ya ishe mu, amma riba ba ta taɓa isarmu. Wanda bai yanka wa kansa abin da ya ishe shi ba, ko ya buɗe shago na uku, na maƙwabci zai riƙa hange. Kowa ya zauna a daren nan ya fitar da kason jari, da na iyali na nan da na gida, da na sadaka, komai ƙanƙantarsa.

Allah Ya ba mu wadar zuci, Ya sa albarka a kasuwarmu. Amin.