Marigayi Sarki Sulaimanu Barau, Tsohon Hakimin Diko

Da yawa daga cikin yaranmu na nan Diko ba su san cewa mutumin da aka ciro sunan Suleja daga sunansa ya taɓa riƙe wannan ƙasa da muke zaune a cikinta ba. Shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, ɗan Sarkin Abuja Muhammadu Gani. An haife shi a 1903, ya yi makarantar Bida, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya koyar a Keffi da Bida. A 1931 aka naɗa shi hakimin Diko. Daga baya aka mai da shi Abuja don ya taimaka wa Sarki Musa Angulu da tsufa ya kama, kuma a 1944 shi ya gaje shi, ya zama sarki na shida tun daga Abu Ja da ya kafa garin a 1828.

To, abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa shi ne al'adar afi. A da, talaka in ya zo gaban sarki sai ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya zuba a kansa. Sarki Sulaimanu ya hana. Ku dubi nauyin abin fa. Gidan nan na Zazzau ne na asali, waɗanda suka baro Zariya tare da Makau lokacin jihadi, kuma abin da suka fi riƙewa shi ne al'adun fada, don su ne shaidar asalinsu. A ce ɗan gidan ne da kansa ya ajiye ɗaya daga ciki, ai sai wanda ya san ƙurar da ke kan talaka ba ta ƙara masa komai.

Malamanmu na Islamiyya sun sha ja mana kunne a kan girman kai da jiji da kai, kuma gaskiya ne. Amma wasunmu sun ɗauka maganinsu shi ne mutum ya wulaƙanta kansa, ya kasa ɗaga ido. Mu 'yan kasuwa mun san ba haka ba ne. Wanda bai yarda da kayansa ba shi ke yawan rantsuwa. Haka wanda bai natsu da darajarsa ba, shi ke neman a durƙusa masa, in ba a yi ba ya kwana da ciwon zuciya, har ibadarsa ta koma ta ganin ido. Tawali'u na gaske sai mai abin da zai sauke.

Irin wannan natsuwa ce muke gani a yadda ya ɗauki aikin Gwarawa. Sarki ne, ɗan boko, amma bai ga ƙasƙanci ba a tara tukwanen wata Bagwariya, Ladi Kwali, a gidansa. A can Bature Michael Cardew ya gan su, kuma bayan an buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja, Ladi ta shiga a 1954. Yau hotonta ne a bayan naira ashirin. Mu da muke cin abinci a ƙasar Gwari, har wani lokaci bakinmu ya zame a kansu a kasuwa, wannan magana ta shafe mu.

Ɗan'uwansa Malam Hassan, Dallatun Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi ne suka rubuta tarihin masarautar. Sai ga shi a 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya, ƙasa mai yawa ta masarautar ta faɗa ciki, sunan Abuja ma ya bi ta. Sunan da kakanni suka riƙe kusan shekara 150 ke nan. Tsohon garin ya koma Suleja.

Ya rasu a 1979 bayan shekara 35 a gadon sarauta, Ibrahim Dodo Musa ya gaje shi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.