Nana Asma'u ƴar Shehu, malamar da ta ɗaura wa mata malfa

Masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwar Diffa, tarihin da muka kawo muku a wannan mako na wata mata ce da ta rasu fiye da shekara 160 da suka wuce, amma aikin da ta kafa shi ne wanda yau ake zuwa jami'a a karanta, wato kula da yara, matasa da iyali.

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin ƙasar Ƙonni ta Nijar ta yau. Tagwaye ne ita da Hassan, amma Shehu bai bi al'adar sunan tagwaye a kanta ba, ya sa mata sunan Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sauran matan gidan suka rene ta. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa, ta ga tafiyar ƙasa da yara a goye, ta ga mata sun wayi gari ba miji. Duk wanda ya ga bukkokin da suka jeru a bakin kwalta tun daga hare-haren Bosso da Diffa na watan Fabrairun 2015 ya san irin wannan ƙuruciya, ba sai an ba shi labari ba.

Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci, Fulatanci, Hausa da harshen Buzaye. Ta auri Gidado ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, kuma ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana shawara da ita. Da ta so, da ta zauna cikin gidan sarauta tana rubutu malamai suna yabawa.

Sai dai yaƙe-yaƙen wancan zamani, har da na Gawakuke a 1836, sun cika ƙauyuka da zawarawa, marayu da matan da aka kamo daga garuruwansu. Akwai ƴan mata da aka yi wa aure ba su san ko alwala ba, balle haƙƙinsu a gidan miji. Asma'u ta lura sadaka kaɗai ba za ta warkar da wannan ba. Ka ba mace tiyar hatsi yau, jibi ta ƙare. Abin da ya ɓace shi ne mutum mai sani, wanda zai shiga gida ya zauna da su.

Nan ta kafa ƙungiyar da ake kira Ƴan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga kowane gari, ta karantar da ita, sannan ta naɗa ta jaji. Alamar naɗin kuwa malfa ce, a ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Wannan malfa asalinta ta Innar Gobir ce, shugabar ƴan bori, sarautar da Gobirawan Tsibiri kusa da Maraɗi suka riƙe. Asma'u ta ɗauki abin da mata suka riga suka sani suna girmamawa, ta juya ma'anarsa. A ganina babu dabarar da ta fi wannan cikin dukkan aikinta. Malfar nan ita ce takardar shaidar gama karatu ta wancan lokaci: wadda ba ta zauna gaban malama ba, ba ta sa ta.

Jaji takan taro ƴan mata ƙanana da tsofaffin da suka gama haihuwa, tun da matan aure masu goyo ba su iya barin gida, su taka a ƙasa har Sakkwato. Ba su zuwa hannu rabbana. Sukan ɗauko zuma, hatsi, man shanu da zane, irin abin da suke nomawa ko sayarwa, Asma'u kuma ta raba wa mabukata. Ashe ke nan da guzurin mata masu ƙananan sana'o'i makarantar ta tsayu. Darussan kuwa cikin waƙa take tsara su, da Hausa ko Fulatanci, don wadda ba ta iya karatu ba ta haddace tana daka ko kaɗi. In sun koma gida su koyar, su duba marasa lafiya, su yi wa mamata wanka, su sasanta ma'aurata, su ja kunnen amare.

Ba ta raina ɗalibanta ba. Cikin rubuce-rubucenta wajen 60 da suka iso gare mu akwai waƙoƙin ta'aziyya ga manyan mutane kamar Bello, wanda ya rasu a 1837, akwai kuma wadda ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, mace daga cikin talakawa.

Yau yarinyar da ta ci bak tana iya yin shekara 3 a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta fito da lisansi a ilimin zamantakewa ko na halayyar ɗan Adam, ta dawo ta yi aiki da marayu da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Sau da yawa kuɗin tattasai da kifin uwa ne ke biyan mota da haya, kuma akan ce da uwar ɓarnar kuɗi take, wai reno ba ya bukatar karatu. Jajin Asma'u duk iyaye ne da kakanni, sun yi reno sun gaji, amma sai da ta zaunar da su ta karantar kafin ta sake su cikin gidajen mutane.

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara kusan 71, aka binne ta a Hubbare cikin Sakkwato kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe Ƴan Taru. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta fitar da littafin tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack ƴar Amurka suka tattara rubuce-rubucenta suka buga a 1997. Allah ya jiƙanta da rahama.